Ta yaya aka san ƙasusuwan Gadufawa sun shekara miliyan 110?

Tambaya: Wani malamin makaranta daga ƙasar Sakkwato ya rubuto cewa: "Malam, na ji an tono ƙasusuwan manyan dabbobi a yankin Agadez, wai sun shekara miliyan 110. Wa yake raye a lokacin da zai ba da shaida, kuma ta yaya aka ƙirga? Mu ma a nan masu haƙar rijiya da masu fasa dutse suna cin karo da katantanwa da haƙoran kifi da suka zama dutse, alhali tsakaninmu da teku ɗaruruwan kilomita ne. Wasu kuma suna cewa ƙasusuwan nan na ƙattin mutanen da ne. Mece ce gaskiya?"

Amsa: Malam, katantanwar da ke ƙarƙashin garinku ita ce rabin amsar tambayarka ta farko, don haka ba zan raba su ba. Abin da zan so ka fara riƙewa shi ne, ba a jikin ƙashi ake karanta waɗannan shekaru ba. Ana karanta su ne a dutsen da ya rufe ƙashin, da shimfiɗar da ke samansa, da wadda ke ƙasansa, da sauran halittun da aka tarar tare da shi. Wanda ya kawo mini ƙashi a buhu ba tare da ya san inda aka ciro shi ba, zan iya gaya masa dabbar da ke da shi, amma zancen shekaru sai dai kirdado.

Bari in kawar da wani kuskure da ya yaɗu. Mutane da yawa sun ji labarin gwajin kabon-14, sai suka ɗauka da shi ake auna kowane tsohon abu. Kowace halitta mai rai tana ɗaukar wannan nau'in sinadarin kabon ta hanyar iska da abinci. Da ta mutu sai ya fara raguwa, rabinsa yana tafiya duk bayan shekara 5,730, kuma bayan kimanin shekara 50,000 abin da ya rage bai isa a auna ba. Da shi aka auna kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987 a ƙasar Yobe ta yanzu, aka samu ya kai shekara 8,000. Da shi aka auna kaburburan Gobero a hamadar Tenere, inda mutane suka zauna a bakin tafki suna kamun kifi tun kusan shekara 10,000 da suka wuce. Amma ga ƙashin dainaso, wato irin manyan dabbobin nan da aka tono a Gadufawa ta yankin Agadez, ba ya da wani amfani. Kabon ɗin ya ƙare tun tuni, kuma shi kansa ƙashin ya canja: dabbar ta mutu, yashin kogi ko laka ya binne ta da wuri kafin masu cin mushe da rana su gama da ita, sannan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta ratsa ƙofofin ƙashin yana ajiye ma'adinai har ya zama dutse mai siffar ƙashi. Wannan shi muke kira burbushi. Shi ya sa in ka ɗaga shi za ka ji ya fi ƙashin raƙumi nauyi nesa ba kusa ba.

To mu dawo Sakkwato, don can ne darasin ya fi fitowa fili. Duwatsun da ruwa ya shimfiɗa suna zuwa ne hawa-hawa, kamar juji: abin da aka fara zubarwa shi ke ƙasa, na baya-bayan nan shi ke sama. Tun 1669 wani masani mai suna Nicolas Steno ya rubuta wannan ƙa'ida, kuma har yau a kanta ake gini. A kwarin Sakkwato mun san jerin shimfiɗun da sunayen garuruwan da suka fi bayyana a cikinsu. Can ƙasa akwai Gundumi da Illo, yashi da tsakuwa na tsofaffin koguna, da itatuwan da suka zama dutse. A kansu Taloka, sai Dukamaje, sai Wurno. A kan waɗannan Dange, sai Kalambaina, farin dutsen nan da ake ƙonawa a yi siminti, sai Gamba, sannan Gwandu ta rufe su. Duk inda ka haƙa a yankin, wata shimfiɗa na iya yin siriri ko ta ɓace, amma ba za ka tarar da Kalambaina a ƙarƙashin Dukamaje ba.

Farin dutsen Kalambaina cike yake da bawon halittun teku, domin teku ne ya ajiye shi. Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, ruwan tekun duniya ya yi ta tashi yana sauka, kuma a lokutan da ya cika wani reshensa marar zurfi yakan ratso ta Aljeriya da Mali da Nijar, har ya kwanta a inda Tawa da Sakkwato suke yau. A wasu lokutan ma ya haɗe da tekun kudu ta kwarin Binuwai. A shimfiɗar Dukamaje, kusa da Goronyo, aka samu wani babban maharbin teku, ɗan'uwan damo da guza, mai ƙafafuwan da suka koma na iyo. An fara bayyana ƙasusuwansa a 1930, sannan a 1972 masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus. Ka lura da wannan, don yana da muhimmanci: irinsa yana nan a Dukamaje, amma in ka haura zuwa Dange babu shi ko ɗaya. Akwai kadoji masu dogon baki, da kunkuru, da kifaye, amma shi ya tafi. Kuma ba a Sakkwato kaɗai ba. A duk faɗin duniya, a daidai wannan matakin, irin waɗannan dabbobin teku da manyan dainaso suna ɓacewa lokaci guda. Wannan ita ce iyakar da aka auna ta da shekara miliyan 66, lokacin da wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na Meziko. Masu haƙar rijiya a wajenku suna ratsa zamanin nan da diga ba tare da sun sani ba.

Sai dai jerin shimfiɗu yana gaya maka wanda ya riga wani ne kawai, ba ya ba ka lamba. Lambar daga wani wuri take fitowa, kuma nan ne amsar "wa yake raye a lokacin" take.

Idan dutse mai aman wuta ya yi aman toka, a cikin tokar akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar yashi ba, ana kiransu zirkon. Lokacin da ƙwayar zirkon take haɗuwa tana karɓar yuraniyom, ma'adinin nan da ake haƙa a Arlit, amma ba ta karɓar dalma. Shi kuwa yuraniyom a hankali yake rikiɗewa ya koma dalma, da saurin da aka auna a ɗakin gwaji: nau'in 238 rabinsa yana rikiɗewa a shekara biliyan 4.47, nau'in 235 kuma a shekara miliyan 704. Saboda haka duk dalmar da ka tarar a cikin ƙwayar, daga yuraniyom ta fito bayan haɗuwarta. Ka auna yawan wannan da yawan wancan, lissafi ya ba ka shekaru. Abin da ya sa nake amincewa da hanyar shi ne, nau'i biyu ne a ƙwaya ɗaya, kowanne da saurinsa, kuma dole amsoshinsu su zo ɗaya. In suka saɓa, mun san wani abu ya taɓa ƙwayar, sai a jefar da sakamakon. Akwai kuma wata hanya dabam da ke amfani da rikiɗewar fotasiyom zuwa iskar agon, ita ma ana gwama ta da ta zirkon. An gwada saurin rikiɗewar nan a cikin zafi da sanyi da matsi mai tsanani, bai canja yadda zai ɓata lissafi ba. Shaidar ke nan. Ba ta mutum ba ce, ta awo ce da kowa zai iya maimaitawa in yana da kayan aiki.

Za ka ce, to ai ba ko'ina ake samun tokar ba. Gaskiya ne, kuma mu a nan ba mu cika samunta a inda muke buƙata ba. Abin da ke cece mu shi ne wata halittar teku mai nannaɗaɗɗen bawo da ake kira amonayit. Irinta yana saurin canjawa, kowane iri bai cika wuce shekara miliyan ɗaya ko ƙasa da haka ba kafin wani ya maye gurbinsa, kuma ruwa yana yaɗa shi zuwa nahiyoyi da yawa. Wanda ya taɓa shiga ramin da ake fasa dutsen siminti a Ashaka ta jihar Gombe ya san yadda suke zube a can. Irin waɗanda ke Ashaka da kudancin Nijar, kamar Vascoceras da Nigericeras, ana samun danginsu a yammacin Amurka, inda suke kwance tsakanin shimfiɗun toka da aka auna da kyau, aka samu kusan shekara miliyan 94. Ta haka lambar da aka samo a jihar Kolorado ta yammacin Amurka take zama lambar Ashaka. Wani Bature mai auna hanyoyin ruwa a Ingila, William Smith, shi ya fara lura cewa kowace shimfiɗa da nata burbushin, har ya zana taswira a kai a 1815.

Yanzu Gadufawa. Wurin yana kudu maso gabas da Agadez, a gefen Tenere, kuma masu neman yuraniyom na Faransa ne suka ja hankalin masana zuwa gare shi. Philippe Taquet ya yi aiki a can daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, sannan Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya biyo baya da ayarinsa a 1997 da 2000. Shimfiɗar da ƙasusuwan suke ciki ana kiranta Elrhaz, yashin manyan koguna ne, kuma ba a auna ta kai tsaye da toka ba. Abin da aka sani shi ne tana ƙarƙashin shimfiɗun da ke kaiwa ga duwatsun teku masu amonayit na shekara miliyan 94, da tazara mai kauri a tsakani, kuma kifayenta da kadojinta sun yi daidai da na wasu wuraren da aka fi sanin shekarunsu. Daga nan aka ce miliyan 110. Ni in ɗalibi ya rubuta mini "tsakanin 115 da 105" zan fi ba shi maki a kan wanda ya rubuta 110 cif, domin gaskiyar abin da muka sani ke nan. Jaridu ne ke son lamba ɗaya tilo.

Kada ka ɗauka ba a kuskure. A kusa da Ingal an tono wani ƙaton dainaso mai dogon wuya, Jobaria, aka bayyana shi a 1999 a matsayin na shekara miliyan 135. Masana sun yi ta mamakin yadda jikinsa yake da siffa irin ta dabbobin da suka riga wannan zamani da nisa. A 2009 wasu masana biyu, Oliver Rauhut da Adriana López-Arbarello, suka sake duba shimfiɗar da kifayen da ke cikinta, suka nuna cewa ta fi haka tsufa, ta haura miliyan 160. Ƙashin bai canja ba, fahimtar dutsen ce ta canja, sai mamakin ya gushe. Afrovenator, mai cin nama da aka bayyana a 1994 daga wannan shimfiɗar, shi ma shekarunsa suka ƙaru tare da na Jobaria. Gyaran da aka yi na kusan miliyan 30 ne, ba kaɗan ba. Amma babu wani gyara da zai mai da miliyan 160 ya koma dubu biyar.

Abin da ya fito daga Gadufawa ya isa a yi alfahari da shi. Akwai Ouranosaurus, mai cin ganye da dogayen ƙasusuwa a gadon baya, wanda Taquet ya raɗa wa suna a 1976. Wanda ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai gan shi, wani kuma yana birnin Venis a Italiya. Akwai Suchomimus, mai cin kifi, tsawonsa kusan mita 11. Akwai Sarcosuchus, ɗan'uwan kada, wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya kai mita ɗaya da rabi. Sereno ya ƙiyasta tsawonsa da mita 11 zuwa 12, masu bincike na baya suka rage zuwa wajen mita 9. Wani abin sha'awa, danginsa na kusa yana Burazil, haka ma wani ƙaramin kada mai suna Araripesuchus da wani babban kifi mai suna Mawsonia, duk ana samunsu a ɓangarorin biyu. Dabbobin kogi ba sa ƙetare Tekun Atalantika da iyo. A lokacin, Afirka da Kudancin Amurka ba su gama rabuwa ba, kuma kwarin Binuwai wani reshe ne na tsagewar da ta raba su, wanda ya fara buɗewa ya tsaya.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne Nigersaurus, domin a kansa za ka ga irin abin da ƙashi yake iya faɗa da kansa. Tsawonsa mita 9 ne, bakinsa shimfiɗaɗɗe a gaba, da haƙora sama da 500 in aka haɗa da waɗanda ke jiran layi a cikin muƙamuƙi. Haƙori yana girma ne da ɗan siririn layi kowace rana. Da aka yanka haƙoran aka ƙirga layukan ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai aka ga kowane haƙori ana maye gurbinsa cikin kusan kwana 14. Dabbar da ke cinye haƙoranta da wannan sauri, tana kiwo ne ƙasa-ƙasa, tana haɗawa da yashi. Haka aka ƙirga zobban girma a ɓawon bayan wani Sarcosuchus da bai gama girma ba, aka samu wajen 40. Wato shekarun da dabba ta yi a raye ana iya karanta su a ƙashinta. Shekarun da ta yi a binne ne sai an tambayi dutse.

Me Nigersaurus yake ci? Ba ciyawa irin ta makiyayarmu ba, domin filayen ciyawa ba su bayyana ba sai bayan miliyoyin shekaru masu yawa. A zamaninsa tsire-tsire masu fure suna farkon yaɗuwa ne, abin da ya rufe ƙasa shi ne ganyayen dausayi marasa fure da manyan itatuwa dangin fayin, itacen nan mai ganye kamar allura. Mutane suna raina burbushin tsiro saboda ba ya da haƙora, amma a wurin aiki ya fi dainaso amfani. Gungumen itacen da ya zama dutse, irin waɗanda ke zube a kewayen tudun Tigidit da Ingal, yana riƙe da ƙwayoyin jikinsa yadda in aka yanka shi siriri za a gane danginsa, a kuma ga ko akwai rani da damina a lokacin. Ƙurar fure ta fi wannan ma: bawonta ba ya ruɓewa da sauƙi, kuma ɗan guntun laka na iya ɗauke da dubbai. Kamfanonin mai a yankin Neja Delta suna ɗaukar masanan ƙurar fure da na ƙananan halittun teku aiki ne don su duba abin da injin haƙa ya fito da shi su ce ga shimfiɗar da aka kai. Da ilimin nan tatsuniya ne, da babu kamfanin da zai zuba masa kuɗi. Kwal ɗin Inugu da aka gano a 1909 shi ma burbushin tsiro ne, dazuzzukan fadama da suka rayu a kusan zamanin da teku yake Goronyo.

Maganar ƙattin mutane kuwa, ba zan shiga fagen tafsiri ba, wannan na malamai ne. Zan tsaya a kan ƙasusuwan da aka tono, kuma su ba na mutum ba ne. Ƙashin cinyar Jobaria ya kusa tsawon namiji a tsaye, don haka ban ga laifin wanda ya gan shi ya yi zaton ƙato ba. Amma mutum ƙashin wuyansa bakwai ne, na Nigersaurus 13, kuma cike da ramukan iska. Ga jela mai tsawo, ga faratai, ga haƙoran da ba su yi kama da namu ba ko kaɗan. Ba a taɓa samun ƙashin mutum ko kayan aikinsa a shimfiɗa ɗaya da dainaso ba. Ko ƙoƙon kan Toumaï da aka samu a hamadar Jurab ta Chadi a 2001, wanda masana suke ta muhawara a kan ko yana cikin dangin mutum na farko-farko, shekararsa wajen miliyan 7 ce, wato kusan miliyan 60 bayan ƙarewar manyan dainaso. Hotunan ƙwarangwal ɗin ƙato da ake turawa a WhatsApp, ga ɗan mutum tsugune kusa da kai yana haƙa, haɗi ne na kwamfuta. Wanda ya fi yawo a cikinsu an haɗa shi ne a wata gasar sarrafa hoto a 2002, daga hoton wurin da aka tono ƙasusuwan wata tsohuwar dangin giwa a jihar New York.

Tunda kana koyarwa, kuma yaranka za su riƙa kawo maka irin waɗannan duwatsu, ga abin da zai taimaka. Katantanwa da haƙoran kifi da ke zube a tarin ƙasar rijiya, a tattara su, amma a rubuta sunan wurin, da gaba nawa aka haƙa kafin a same su, da launin ƙasar da suka fito daga ciki. Wannan takardar ta fi rabin darajar abin. In kuwa ƙasusuwa ne a jere cikin dutse, kada a fizge su. A ɗauki hoto da wani abu a gefe don a gane girma, a ɗauki lambar wurin da waya, a sanar da sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa, kamar ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Abdou Moumouni ga waɗanda ke Nijar. Masu aikin suna share yashi da buroshi, su ɗiga gam a tsagogi, su zana taswirar yadda kowane ƙashi ya kwanta, sannan su naɗe shi tare da dutsensa da tsumman buhu da filasta kafin a ɗaga. Fitar da shi daga dutsen a ɗakin aiki yakan ci shekaru.

Abin da ke damuna shi ne yawancin wannan aiki na ƙarshe a Faris da Shikago da Jamus ake yinsa, saboda a nan ba mu da isassun ɗakunan aiki da ma'ajiyai da ƙwararrun masu gyara. Ana maganar gina sababbin gidajen tarihi a Yamai da Agadez don a dawo da abin da aka kwasa, kuma hakan daidai ne. Amma gini ba ya karanta dutse. Tsakanin Dange da Wurno da Goronyo akwai shimfiɗun da suka riƙe labarin kafin faɗowar dutsen Yukatan da bayansa, a bakin hanya, ba sai an shiga hamada ba, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka auna hawa-hawa da irin kayan aikin yau. Ɗalibin da ya iya riƙe guduma da littafin rubutu, ya kuma iya haƙurin zama a rami ɗaya yana auna kaurin kowace shimfiɗa, yana da aikin digiri na uku a nan kusa da gida.